Zobban da Na'Allah Ya Liƙe

Lafiya, 9 ga Rajab, 1350 Hijira

Daga Na'Allah ɗan Ashafa Maƙeri zuwa ga ƙanensa Kalilu, mai gyaran mota a garejin masu haƙar kuza, Jos.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah. Baba yana gaishe ka. Kada ka tambaye ni sau nawa, don tun da na tsoma alƙalami a tawada ya faɗa sau uku.

Bayan haka, ka san Bukar Mailafiya mai sayen riɗi. To ya sayi matacciyar mota a hannun wani Baturen kanti da ya koma ƙasarsu. Shekara uku tana kwance a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kan kujerunta. Ƙarti takwas suka turo ta har ƙofar maƙerarmu. Bukar ya tsaya a gabana, ina riƙe da masaba, ya ce, "A aika Jos a kira Kalilu, shi ne ya san ƙarfen Turawa." A gabana fa. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina dukan ƙarfe a wannan gari. Baba yana zaune a kan buzunsa, sai na ji ya ce, "Ai kuwa Kalilu zai iya." Ban san lokacin da na ce ni zan tayar da ita ba, kuma rabin kasuwa sun ji.

Ga abin da ya sa maganar ta fi ƙarfin wasa. Gwaggo Mairama tana kwance a Doma tun kaka. Ta aiko cewa ba ta son komai a duniya sai ta ji muryar ƙanenta. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da juna. Idon Baba ya tafi, ƙugunsa kuma ba ya ɗaukar zaman jaki. Na ce a ɗauke shi a gado, ya ce ba za a shiga da shi Doma a kan kawunan mutane kamar gawa ba. Bukar ya yi alkawari idan motar ta tashi, tafiyar fari ta Baba ce. Dole kuwa kafin ruwa ya sauka, don ka san yadda hanyar Doma take zama da damina.

Na buɗe injin. Ban ga abin tsoro a ciki ba. Turame huɗu ne da taɓare huɗu, suna daka a jere. Na wanke su da kananzir, na jera komai a kan tabarma yadda na ciro shi. Kowace taɓarya tana da zobba uku a wuyanta, duk sun karye, wasu gida biyu, wasu gida huɗu. Akwai kuma fararen abubuwan nan huɗu masu ƙyasta wuta, sun tsattsage, da shimfiɗar jan ƙarfe da ke tsakanin injin da murfinsa, ta ƙone. Su nake so ka nemo mini. Na auna komai da zare, ga zarurrukan nan a cikin takarda. Ka ba Babandi mai goro kayan, yana hawa jirgin ƙasa duk bayan mako biyu.

Kaya na ce ka aiko. Ban ce ka zo ba.

Ka gai da matarka. Allah ya bar zumunci.

Yayanka, Na'Allah

*

Jos, 4 ga Sha'aban, 1350

Zuwa ga yayana Na'Allah, bayan gaisuwa da girmamawa da biyayya.

Na sami takardarka a hannun Babandi, na kuma yi murna da jin lafiyarku. Ka durƙusa a gaban Baba a madadina, ka ce ɗansa yana neman albarka. Allah ya ba Gwaggo sauƙi.

Yaya, na yi dariya da na ga turmi da taɓarya, har na karanta wa abokan aikina su ma suka dara. Turmin nan sunansa silinda, taɓaryar kuma fistin. Zobban su ne ringi. Masu ƙyasta wuta fulogi ne, shimfiɗar kuma gasket. Yana da kyau mutum ya san sunan abu kafin ya sa masa hannu.

Zarurrukanka sun yi daidai, wannan kam na yaba. Irin motar nan an daina kawo ta, saboda haka kayanta sun yi wuya. Na yi kwana shida ina yawo. Fulogi na samu wajen wani Bayarabe a Bukur. Gasket kuwa sai da na kwance wata mota irinta da ta faɗa rami bara. Ringi goma sha biyu sababbi ne ful, a cikin takardarsu mai maiƙo, manajanmu da kansa ya buɗe sito ya ba ni saboda yana ganin mutuncina.

Ka kula da waɗannan. Kada ka ɗaure kusoshin murfi a jere, ka fara daga tsakiya ka riƙa tsallakawa. Ka kwance kafireta, wato tukunyar da ke haɗa fetur da iska, ka busa ƙananan ramukanta da baki, kada ka zura musu tsinke. Ka cika lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, da ruwan rijiya mai tsabta, ka duba ko yana yoyo.

Yaya, kada ka ji haushi, amma inji ba fartanya ba ne. Na yi shekara bakwai a ƙarƙashin mota kafin a yarda in buɗe inji ni kaɗai. Idan ka amince zan nemi hutun mako ɗaya in zo in haɗa maka shi. Ba wanda zai ce ba kai ka yi ba.

Ina gaida dukan mutanen gida. Wassalam.

Ƙanenka, Kalilu Fita mai gyaran mota

*

Lafiya, 6 ga Shawwal, 1350

Zuwa ga Malam Kalilu Fita, masanin sunayen ƙarafa.

Gaisuwa da barka da Sallah. Ina fata kun sha ruwa lafiya, kai da abokan aikinka masu dariya. Ka gaishe su, ka ce maƙerin da ya ba su nishaɗi yana nan da ransa.

Takardarka ta iso, kuma kamar kullum Baba ya sa na karanta masa ita sau biyu. Da na kai inda manajanku ya buɗe maka sito, sai ya ce in maimaita wurin. Washegari duk wanda ya kawo gyaran lauje sai ya ji labarin sito. Ni da nake dafa masa ruwan alwala, nake kama hannunsa zuwa masallaci, ban taɓa jin ya ba wani labarina ba. Ba zan ɓoye maka ba, Kalilu, abin yana ci mini rai. Kai ka tafi ka bar mu da zugazugi, amma kai ne ɗan da ake faɗa.

Duk azumin nan a kan motar na yi shi. Na busa kafiretarka har kumatuna suka yi ciwo. Lagireto yana yoyo wuri biyar, na liƙe su da dalma, yanzu ko ɗigo babu. Wani ƙarfe mai juya fanka ya karye, na ƙera sabo da hannuna, Bukar ya juya shi ya juya, ya kasa gane wanne ne na Turawa. Wannan ma kana iya karanta wa abokanka.

Sai maganar zobba. Ashe sababbi ful ɗin ke nan? Na warware takardar mai maiƙo, na tarar duk goma sha biyun a tsage, kowanne bakinsa a buɗe. Zobe ɗaya ya tsage a jirgi, in ce tsautsayi ne. Amma goma sha biyu? Ko dai manajanka ya kwashe maka shara, ko kai ka zaɓo mini su don in kasa in kira ka. Na miƙa wa Baba ɗaya don ya ji irin aikin ɗan gaban goshinsa. Ya shafa bakin da babban yatsa ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ba karaya ba ce, Na'Allah. Yanka ne. Wanda ya yi shi da gangan ya bar shi haka." Ka ji fa. Ko ƙaya ka aiko a takarda, Baba cewa zai yi allura ce.

Ni dai a gidanmu ba a taɓa sayar da zobe mai buɗaɗɗen baki an ce an gama aiki ba. Tukunyar da ke da tsaga ba ta riƙe ruwa, balle wadda za ta riƙe wuta. Zan sa su a wuyan taɓaren, in cike kowace tsaga da tagulla, in goge da magagari har su shiga turmin daram. Abin da Turawanka suka bari a karye, ni zan gyara shi. Idan kana da magana, ka faɗa a jirgin da Babandi zai dawo.

An aiko daga Doma cewa Gwaggo ta daina cin tuwo, sai kunu. Hadari kuma ya fara leƙowa ta gabas.

Ka huta lafiya.

Yayanka, Na'Allah, mai fartanya

*

Jos, 18 ga Shawwal, 1350

Zuwa ga yayana Na'Allah, bayan gaisuwa da girmamawa.

Na ga takardarka. Barkanmu da Sallah. Na ji daɗin labarin lagireto da ƙarfen fanka, Allah ya ƙara basira.

Ga gwangwanin baƙin mai nan na ba Babandi, da garwar fetur ɗaya. Ka zuba man har ya kai ƙaramin famfon da ke ƙasan inji. Idan za ka juya handul ɗin tayar da inji, kada ka naɗe babban yatsanka a kansa, yana iya dawowa ya karya maka hannu.

Aiki ya yi mana yawa, shi ya sa na taƙaita. Ka gai da Baba da kyau. Allah ya kai ku Doma lafiya.

Ƙanenka, Kalilu

*

Lafiya, 11 ga Zulƙida, 1350

Zuwa ga Kalilu.

Gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo Mairama ta rasu ranar Litinin da hantsi. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Baba bai gan ta ba, ita kuma ba ta ji muryarsa ba. Zan gaya maka yadda aka yi, don ka san abin da zobbanka suka jawo.

Na haɗa injin ranar Laraba ta makon jiya. Handul ya yi nauyi, sai da mu biyu muka kama, na ce alamar ƙarfi ce. A juyi na tara motar ta yi tari, ta yi atishawa, sai ta kama ruri. Kalilu, ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Mata suka fito da guɗa, awaki suka watse. Baba ya lallubo ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar, yana jin rawar da take yi, ya ce, "Na'Allah, kai ka yi wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Madalla." Kalma ɗaya ce, amma na kwana ina juya ta. Na kashe injin nan da nan saboda fetur ɗin garwa ɗaya ne, ba na so in ƙone shi a tsaye.

Ranar Asabar bayan an karya kumallo Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaura rawani, ya ƙulle goro bakwai a gefen mayafi zai kai wa yayarsa. Ɗanmusa, wanda ya taɓa tuƙa wa Baturen nan, shi ya riƙe sitiyari. Muka ratsa kasuwa mutane suna ɗaga hannu, Baba yana tambayata, "Ina muke yanzu? Wa ke gaishe ni?"

Ba mu yi mil biyu da barin gari ba na ji muryar injin ta sauya. Ya fara nishi, wani wari ya taso kamar an bar tukunya a wuta babu ruwa. Ɗanmusa ya ce, "Motar nan tana zafi fa, maƙeri." Kafin ya rufe baki sai wata ƙara, ƙarfe yana cin ƙarfe, muka tsaya cik. Na sauka na kama handul, na hau shi da ƙafa, ko motsi bai yi ba.

Rana ta take. Baba ba ya iya taka mil biyu. Sai daga wata gona aka aro gadon kara, mutum huɗu suka ɗauke shi a ka, muka ratsa kasuwar da muka bi da safe. Abin da ya ce ba za a yi masa ba, shi aka yi masa, da farar rigarsa. Wata mai tallan doya ta tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a wuce da shi Doma hakanan tun da an riga an ɗauka, amma zazzaɓi ya rufe shi a daren, ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Yana farfaɗowa ɗan aike yana isowa da labarin rasuwar.

Na sake buɗe injin. Zobban sun kumbura sun cije a cikin turame, biyar sun farfashe, sun kuma karce bangon turmi biyu. Ƙarfen banza ka aiko mini. Goron nan bakwai suna nan ƙulle a mayafin Baba, ya hana a kwance.

Ka yi wa Gwaggo addu'a.

Na'Allah

*

Jos, 22 ga Zulƙida, 1350

Zuwa ga yayana Na'Allah.

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya gafarta wa Gwaggo, ya sa ta huta. Na yi kwana uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Yaya, ƙarfen ba na banza ba ne. Baba ya faɗi gaskiya, tsagar nan da gangan ake barin ta. Ka fi ni sanin cewa ƙarfe yana buɗewa idan ya sha wuta. Ringi yana zaune a inda wuta take tashi sau ɗaruruwa kafin mutum ya karanta Fatiha. Idan ya yi zafi sai ya miƙe, bakinsa biyu su matso kusa da juna, tsagar ta shanye ƙarin. Da ka cike ta da tagulla, ba shi da inda zai je sai jikin silinda. Abin da ake fara koya wa kowa ke nan a gareji.

Kuma na san haka ranar da na karanta takardarka ta Shawwal. Ka rubuta a fili abin da za ka yi, ka ce in ina da magana in faɗa. Layi ɗaya ya isa. Na rubuta shi ma, wallahi na rubuta, sannan na yage takardar na sake wata, wadda ka gani, mai maganar baƙin mai da babban yatsa.

Kana cewa ni ne ɗan da ake faɗa. Ni kuwa me nake da shi? Ranar da zan bar gida, Baba ya ɗora hannunka a kan uwar maƙera ya ce taka ce, ni ya ba ni guzurin ƙuli-ƙuli. Kai kake jin tarinsa da asuba, kai kake kama hannunsa. Ni shekara tara ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane, ana kirana da fito kamar kare, manajan da na cika maka baki da shi ko sunana bai riƙe ba. Ringin nan roƙo na yi wajen mai tsaron sito. Abu ɗaya na sani wanda ba ka sani ba, shi ne inji. Da na ga ka liƙe lagireto, ka ƙera ƙarfen fanka, za ka kuma tayar da mota da zare da magagari, sai ƙyashi ya kama ni. Na ce shi ke nan, har wannan ma ya karɓe.

Na ɗauka za ka tayar da ita a ƙofar maƙera, ta yi zafi ta cije a nan, a yi maka dariya kwana biyu, a aiko in zo in gyara, ni in kai Baba Doma. Ban kawo a raina za ka kashe ta don tattalin fetur ba. Ni na aiko garwa ɗaya, alhali ina iya aiko biyu.

Ban rubuto don in wanke kaina ba. Na san kai kake karanta wa Baba takarduna. Ka karanta masa wannan duka, kada ka tsallake komai. Ya kamata ya san ɗan da yake yabo.

Idan karcen bai yi zurfi ba, ana iya goge shi da dutsen wasa mai laushi da mai. Na samo wasu ringin. Ba zan zo ba sai ka ce in zo.

Ƙanenka mai neman gafara, Kalilu

*

Lafiya, 3 ga Zulhajji, 1350

Zuwa ga ƙanena Kalilu.

Gaisuwa. Takardarka ta iso, na karanta ta ni kaɗai a bayan maƙera. Da kana kusa da na fasa maka baki. Ban yafe ba tukuna, kada ka yi zaton na yafe. Amma ni ma an gaya mini yanka ne, da bakin da ya koya mini ƙira, na ƙi ji don kawai sunanka yana ciki.

Baba ya ji muryar Babandi, ya ce a kawo takardar Kalilu. Shekara tara ina jiran ranar da zan riƙe abu irin wannan a hannuna. Na zauna a gabansa na buɗe. Na karanta gaisuwa da ta'aziyya, sannan na ce Kalilu ya ce yana tafe da sababbin zobba, zai kama wa yayansa aiki a kai Baba Doma sadakar arba'in. Ya ce, "Na ji motsin takarda biyu, karatun kuwa na rabin ɗaya ne." Na ce sauran sunayen ƙarafa ne. Ya ce, "To, maimaita mini." Na maimaita.

An yi yayyafi shekaranjiya. Saura kwana goma sha huɗu a yi sadakar arba'in, hanya ba za ta jira mu ba. Na goge turmi ɗaya, ɗayan na bar maka. Ka taho da fetur garwa biyu, kuma kada ka mai da ni maƙaryaci a gaban Baba.

Yayanka, Na'Allah